Lambar da ke jikin kwalin titus

Aikina a ɗakin sanyin kifi na kawuna lissafi ne. Ni nake karɓar takardar kaya idan tirela ta iso daga Legas, ni nake ƙirga kwalaye ana saukewa, ni nake rubuta bashin 'yan sari a littafi, ni kuma ake harara idan kuɗi bai cika ba. Labarin ƙasa na karanta a jami'a. Da na gama hidimar ƙasa ban samu inda zan kai takardar ba, sai Kawu ya ce in zo in riƙe masa biro kafin Allah Ya kawo wani abu. To har yau biron nake riƙe da shi.

Duk wanda ya shigo ya ji kuɗin kwali, kalma ɗaya ce a bakinsa: dala. Kuma da gaskiyarsa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da ke kusan 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Ga dizal ɗin janareta, ga kuɗin mota daga Apapa zuwa Kano, tafiyar kilomita wajen 1,000 da injin sanyi a kunne. Kifin ƙanƙara kuwa kusan dukansa daga ƙetare yake zuwa. Alƙaluman da hukumomi suka saba ambata sun ce Najeriya na buƙatar tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa da kanmu kuma bai wuce tan miliyan 1.2 ba. Wani ɓangare na giɓin jirgin ruwa ke cike shi, sauran kuma haƙuri.

Amma akwai maganar da nake ta yi wa Kawu yana kore ta da hannu. Ko gobe dala ta dawo gidan jiya, wani yanki na wannan tsada ba zai sauka ba, domin ba 'yan canjin Wapa ne suka ɗora shi ba. Daga cikin ruwa ya taso.

Ɗauki kwalin titus ka juya shi. Ban da sunan kamfani da ranar daskarewa da nauyi, kilo 20, akwai layi biyu da babu mai kallonsu. Na farko girman kifin ne, 300 zuwa 500, ko 400 zuwa 600, wato nauyin kowane ɗaya a giram. Na biyu wata lamba ce da ke biye da haruffan FAO. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanka tekunan duniya gunduma-gunduma, kowace da lambarta. Lamba 27 ita ce arewa maso gabashin Atlantika, ruwan Nowe da Aisland da tsibiran Faro da Ayalan da Sikotlan. Lamba 34 ita ce tamu, daga mashigar Jibralta har bakin kogin Kwango, da Maroko da Muritaniya da Senegal da mu duk muna cikinta. Lamba 47 Namibiya da Angola. Lamba 87 can bayan duniya, gaɓar Chili da Peru, inda wani koten da muke sayarwa yake fitowa. Idan na tsaya a tsakiyar ɗakin, hannuwa a hammata saboda sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, kayan waɗannan ruwaye huɗu ne jibge a kewaye da ni, a garin da yawancin mutanensa ba su taɓa ganin teku ba sai wanda ya leƙa Bahar Maliya ta tagar jirgi ana shirin sauka Jidda.

Labarin titus shi ya fi tsaya mini a rai, domin shi ne sarkin kasuwarmu. Kifi ne mai yawo. Yana zuba ƙwai a yammacin Ayalan da Sikotlan, idan zafin Turai ya shigo kuma ya nausa arewa kiwo. Shekara da shekaru an san hanyarsa, Nowe da Tarayyar Turai da Faro suna raba kamunsa a tsakaninsu. Aisland ba ta cikin rabon, don kifin bai cika zuwa ruwanta ba. Wajen 2006 sai masuntan Aisland suka fara ganinsa a komarsu, ba kaɗan ba. Ruwan wajen ya ɗan ɗumama, garken kifin kuma ya yi yawa yana neman sabon wurin kiwo. Zuwa 2008 kamunsu ya haura tan 100,000. A 2010 Aisland ta yanka wa kanta tan 130,000 ba ta tambayi kowa ba, Faro ma ta ɗaga nata kason zuwa tan 85,000. A watan Agustan wannan shekarar masuntan Sikotlan suka tare tashar Peterhead suka hana wani jirgin Faro sauke kaya. Jaridun Turai har suna suka raɗa wa abin, wai yaƙin titus. Shi kuwa kifin bai tsaya sauraron kowa ba, ya zarce ruwan Girinlan, a 2013 aka kama shi a tsibiran Svalbard, kusa da ƙanƙarar ƙarshen duniya.

Abin da ya biyo baya kowane ɗan kasuwa zai gane shi. Akwai wata majalisar masana teku, ICES, mai zama a Kofanhagan tun 1902, wadda duk shekara take faɗin adadin da za a iya kamawa ba tare da an ci uwar kuɗi ba. To kowace ƙasa sai ta yanki nata kason yadda take ganin haƙƙinta ne, idan aka tara sai jimlar ta zarce shawarar masana da nisa, kuma haka aka yi ta yi fiye da shekara goma. A 2019 aka janye wa titus ɗin wannan yanki shaidar kamu mai ɗorewa. A ƙarshen 2025 masanan suka ce a rage kamun 2026 da kashi 70 cikin 100. Farashinsa a Nowe kanta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba, kuma a wannan kasuwa ba mu ne manyan baƙi ba. Japan da Koriya ta Kudu su ke fara zaɓen manya masu kitse, abin da ya saura ake loda wa Afirka ta Yamma.

A ganina kwaɗayi ya fi ɗumamar ruwa laifi a wannan rigima, kuma duk wanda ya ɗora komai a kan sauyin yanayi yana wanke masu manyan jirage ne. Sai dai ɗumamar ita ta ɗaga kifin daga inda yarjejeniya ta san shi. Dokar teku ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 200 daga gaɓarta, an zana layi a taswira kamar kifi zai zauna inda aka same shi. Wani babban nazari da aka fitar a 2013 ya nuna halittun teku suna matsawa wajen sanyi da kimanin kilomita 72 duk shekara goma a bakin gaba na mazauninsu, ninkin-ba-ninkin saurin na tudu. Ke nan irin wannan rigima ba a kan titus za ta tsaya ba.

Kuma kifi abincinsa yake bi. Tun 1931 Turawan Ingila suke ɗaura wa jiragen kasuwanci wata na'ura mai ƙyallen siliki a ciki, jirgi yana tafiya tana tace ƙananan halittun da ke yawo a ruwa, filankton, a kai ɗakin bincike a ƙirga. Daga wannan tarin aka gano cewa cikin shekara 40 kacal, irin filankton mai son ɗumi ya matsa arewa da wajen kilomita 1,000 a arewa maso gabashin Atlantika, mai son sanyi kuma ya ja da baya. Mai son sanyin shi ne mai kitse, tsawonsa bai wuce milimita 3 ko 4 ba, kuma shi 'ya'yan kifi suke jira idan sun ƙyanƙyashe. Wanda ya maye gurbinsa ba shi da kitse haka, kuma ba a lokaci ɗaya yake yawa ba. Sai ɗan kifi ya fito ya tarar an riga an ɗauke kwano. Babu wanda zai ga wannan asara a shekarar, sai bayan shekara uku ko huɗu, lokacin da ya kamata wannan zubi ya shiga koma.

Da na yi wa Kawu wannan bayani sai ya ce, "To ɗan boko, ai Turawan sun ce za su daina hayaƙin. In sun daina ba shi ke nan ba?"

Na ce, "Kawu, ina ma haka ne."

Ga inda gizo ke saƙar. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da hayaƙin masana'antu da motoci ya tare a duniya, teku ne ya shanye shi. Zafin da muke kuka da shi a watan Afrilu ɗan ragowa ne. Ruwa yana da cikin ɗaukar zafi: mita 3 na saman teku kaɗai suna iya riƙe abin da iskar duniya gaba ɗaya take riƙewa, zurfin teku kuwa a matsakaici ya kai mita 3,700. Akwai na'urori kusan 4,000 da ake kira Argo suna shawagi a tekuna, kowace ta nitse mita 2,000, bayan kwana 10 ta taso ta aika wa tauraron ɗan'adam abin da ta auna, kuma abin da suke aikowa shekara bayan shekara shi ne zafin yana ƙara sauka ƙasa. Duk wanda ya kwana a ɗakin siminti a Kano da bazara ya san rana takan faɗi tun magariba, amma bango ya yi ta huci har asuba. Bambancin kawai shi ne daren teku ƙarnuka ne. Ruwan da ya nitse a arewacin Atlantika yakan yi shekara wajen 1,000 kafin ya gama zagayensa ya dawo sama. Shi ya sa rahoton kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2021 ya faɗa ƙarara cewa ɗumamar zurfin teku, da tsamin ruwansa, da raguwar iskar shaƙa a cikinsa, ba za su juya ba sai bayan ɗaruruwan shekaru zuwa dubbai. Rage hayaƙi zai hana abin ƙara muni, wannan kam tabbas. Abin da ya riga ya shiga kuwa ya shiga.

Akwai wata Hajiya mai suyar kifi da take sari a wajenmu tun kafin in zo. Ba ta yarda a miƙa mata kwali a rufe. Sai an yanke igiya, ta ɗaga ledar, ta sa yatsa ta ƙirga layin sama, ta ɓamɓaro ɗaya ta auna shi a tafin hannu. Ita ba kilo take sayarwa ba, yanka take sayarwa: kai, tsakiya, jela. Idan kifi babba ne tsakiya biyu take fitarwa, kuma a tsakiyar ribarta take.

Rannan ta ce, "Kai ɗan nan, wannan ai 'yan yaye ne. Ina manyan?"

Na ce, "Hajiya, abin da aka turo ke nan, manyan ba sa isowa nan."

Ta ce, "To ku gaya musu tsakiya ɗaya ba ta biyan kuɗin mai." Ta ɗauki rabin abin da ta saba, ta ce sauran kuɗin waken suya za ta saya ta ƙara awara a faranti.

Ƙanƙantar kifin da ke kwalinta tana da dalilai na kasuwa, na riga na faɗe su. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani da ya fi su daɗewa. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar oksijin kamar mai sanyi, shi kuma kifi idan ruwa ya ɗumama jikinsa yakan ƙara gudu, buƙatarsa ta iska ta ƙaru. Masu kiwon karfasa a bayan gari sun san wannan ba tare da littafi ba: a tsakiyar zafi, da asuba, za ka tarar kifin duk sun taso saman kududdufi suna buɗe baki. Tarwaɗa ce kawai ba ruwanta, don tana da abin shaƙar iskar sama a bayan kanta. Tun daga 1960 teku ya rasa kimanin kashi 2 cikin 100 na oksijin ɗinsa. Adadin kamar ba komai ba, amma ba a raba asarar daidai ba. A yammacin Afirka akwai wani faffaɗan yanki a ƙarƙashin ruwa da iska ta yi ƙaranci, yana kuma kumbura yana tasowa sama, har wani bincike ya lissafa cewa daga 1960 zuwa 2010 manyan kifaye irin su tuna sun rasa kashi 15 cikin 100 na wurin da za su iya zama a wannan sashe na Atlantika. Suna matsewa a sama, inda ƙugiya ta fi samunsu. William Cheung da Daniel Pauly na jami'ar British Columbia a Kanada, tare da abokan aikinsu, sun yi hasashen cewa idan aka ci gaba da hayaƙi yadda ake yi, girman da kifaye ke iya kaiwa zai ragu da kashi 14 zuwa 24 cikin 100 kafin 2050. Masana suna ta muhawara a kan ainihin dalilin da kuma adadin, amma raguwar girma a ruwa mai ɗumi an gan ta a wurare da dama.

Mu dawo lamba 34, wadda ta fi kusa da mu kuma ta fi ba ni tsoro. Gaɓar Maroko zuwa Senegal tana cikin wurare mafi albarkar kifi a duniya, sirrin kuma iska ce. Iskar arewa takan ture ruwan sama daga gaɓa, sai ruwan ƙasa mai sanyi mai taki ya taso ya maye gurbinsa, filankton ya yi yabanya, shawa da sardin da kote su taru. A wajen Nuwadibu ta Muritaniya abin duk shekara ne, a Senegal kuwa na lokacin sanyi ne kawai. Jirgin binciken nan na Nowe, Dr Fridtjof Nansen, ya daɗe yana auna garken kifi a wannan gaɓa, kuma awonsa na tsakanin 1995 da 2015 ya nuna shawar tana matsawa arewa yayin da ruwan kudu ke ɗumama. Abin da ya bar Senegal ya ƙaru a wajen Muritaniya da Maroko.

A daidai wannan lokaci kuma masana'antun niƙa kifi suka cika Nuwadibu, wasu a Senegal da Gambiya. Kifin da mutum zai ci ake dafawa a busar a niƙe ya zama gari da mai, a fitar da shi Turai da Asiya a ciyar da kifin kiwo da aladu. Rahoton da ƙungiyoyin kare muhalli Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ce sama da tan 500,000 ake yi wa haka duk shekara, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Matan da ke bandar kifi a Joal da Mbour na Senegal, waɗanda kayansu ke shiga har Mali da Burkina Faso, su suka fara zama da murhu babu wuta. Kwale-kwalen da aka sassaƙa don su kuwa, da yawa yanzu mutane suke ɗauka zuwa tsibiran Kanari na Sifen, inda sama da mutum 46,000 suka sauka a 2024 kaɗai. Ba duka masunta ba ne, amma masu tuƙin galibi su ne, don su suka san ruwan.

Wani zai ce to mu rabu da kifin teku mana, ga tarwaɗa muna kiwo a Kumbotso da Kura da bayan gidaje. Na so haka. Amma buɗe buhun abincin tarwaɗa mai kyau ka shinshina, ƙarnin garin kifi za ka ji. Farashin garin kifi na duniya kuwa a gaɓar Peru ake yanke shi, wajen wani ɗan kifi, anchobeta, wanda kamunsa ya fi na kowane kifi yawa a duniya. A 1970 an kama sama da tan miliyan 12. A 1972 ruwan ɗumin El Nino ya zo ya tarar an riga an yi masa kamun wuce gona da iri, sai garken ya rushe, ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. A 2023 ruwan ya sake ɗumama, gwamnatin Peru ta soke kakar kamu ta farko gaba ɗaya, farashin gari da man kifi ya yi sama. Mai kududdufi a Kano ya ji a jikinsa, ya ɗora laifin duka a kan dala.

Rabon asarar nan shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Idan ruwan Ayalan ya ɗumama, kifin Sifen zai hauro ya maye gurbi. Idan ruwan Legas da Bonny ya ɗumama, daga ina wani zai zo? Babu inda ya fi tsakiyar duniya zafi balle kifinsa ya ƙauro mana. Hasashen da su Cheung suka fitar a 2010 ya ce zuwa 2055 abin da za a iya kamawa a tekunan arewa masu sanyi zai iya ƙaruwa da kashi 30 zuwa 70 cikin 100, na yankuna masu zafi kuma ya ragu da abin da ya kai kashi 40. Waɗanda suka fi kowa tura hayaƙi su kifin yake gudu wajensu, mu kuma mu bi shi da dala.

Maganar murjani ita aka fi yayatawa, don tana da kyau a hoto, ba sai na daɗe a kanta ba. Halitta ce mai rai da ke gina wa kanta gidan dutse, tana zaune da wani ɗan tsiro a jikinta da ke ciyar da ita. Idan zafin ruwa ya haura na al'ada da digiri 1 kacal na 'yan makonni, sai ta kori tsiron ta yi fari fat, in abin ya daɗe ta mutu. Babban shingen murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, ya yi wannan fari a 1998 da 2002, sannan 2016, 2017, 2020, 2022, 2024. Dubi yadda tazarar ke matsewa, alhali murjani na buƙatar shekara 10 ko fiye kafin ya murmure. Bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'in halittun teku a jikinsa suke rayuwa. Jan murjanin da kakanninmu suke ɗaurawa a wuya, wanda fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi har Kasuwar Kurmi, wani iri ne daban daga Bahar Rum, kaurinsa ba ya ƙaruwa da ko milimita 1 a shekara, kuma zafin ruwan 1999 da na 2003 ya kashe shi da yawa a gaɓar Faransa da Italiya. Ga kuma tsami. Teku yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da ake fitarwa, ita kuma idan ta narke a ruwa tsami take zama. Tsamin saman teku ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 tun farkon zamanin masana'antu, duk wata halitta mai gina ɓawo, daga kawa har filankton, sai ta ƙara wahala kafin ta gina.

A gaɓarmu mai tsawon kilomita 853 abin da ido ke gani shi ne ruwa yana cin ƙasa. Teku ya tashi da kimanin santimita 20 daga 1901 zuwa 2018, saurinsa kuma ƙaruwa yake. Garin Ayetoro na jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ya cinye masa unguwanni da makarantu, kodayake nitsewar ƙasa da aikin haƙar mai su ma suna da hannu. Dazukan bakin ruwa na Neja Delta, mafi girma a Afirka, su ne ɗakin renon 'ya'yan kifi da jatan lande, malalar mai da sara sun riga sun raunana su kafin ruwan gishiri ya ƙara matsowa. Kirafish ɗin da ake aunawa a kwano a kasuwar Sabon Gari daga irin wannan ruwa yake fitowa, wajen Oron a jihar Akwa Ibom. Tun 2011 kuma wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa-ƙasa take taruwa daga Karebiyan har gaɓar Afirka ta Yamma, tana cika koma tana ruɓewa a bakin ruwa.

Akwai kuma abin da ya shafi har wanda bai taɓa sa kifi a baki ba. Ruwan saman da ke sauka a Dawanau da Bichi da Gaya daga Tekun Gini iskar damina take ɗebo shi. Inda damina za ta tsaya a arewa kuwa ya danganta da bambancin zafi tsakanin arewacin Atlantika da kudancinsa. Idan kudu ya fi ɗumi, hadari yakan maƙale a can ƙasa ya ƙi haurowa. Shekaru da yawa ana zargin manoma da makiyayan Sahel cewa su suka jawo farin 1973 da na 1984 da saran itace da kiwo. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka nuna cewa zafin saman tekuna kaɗai ya isa ya bayyana mafi yawan wannan fari: Tekun Indiya da kudancin Atlantika sun ɗumama. Wasu masanan kuma suka nuna arewacin Atlantika ya yi sanyi, a wani ɓangare saboda hayaƙin masana'antun Turai da Amurka da ke tare hasken rana. A wannan zamani ne Tafkin Chadi, mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya rasa kusan kashi 90 cikin 100 na faɗinsa, bandar Baga ta ja baya, kifin ƙanƙara ya samu ƙofar shiga kasuwannin Arewa. Yanzu arewacin Atlantika ya ɗumama, damina ta dawo, amma da wani hali: ruwa mai yawa a lokaci kaɗan, irin wanda ya cika dam ɗin Alau ya shanye Maiduguri a Satumbar 2024. Masana kuma sun ce babban zagayen ruwan da ke kai ɗumi arewacin Atlantika zai raunana a cikin wannan ƙarni, idan ya raunana sosai hadari kudu zai sake komawa.

Kawu yana da fili a hanyar Zariya da ya daɗe yana niyyar gina ɗakin sanyi na biyu a kai. Bana ya fasa, ya ce kududdufai zai haƙa. Ba lacca ta ce ta sauya masa ra'ayi ba, littafin bashi ne: 'yan sarin da ke ɗaukar kwali goma sun koma huɗu, masu huɗu sun koma raba ɗaya su biyu. Na ce masa in dai zai yi, ya haɗa da karfasa, don ita tana iya rayuwa a kan dusa da ƙuli da waken suya ba sai an dogara da garin kifi sosai ba, kuma ya yi zurfin ramin da kyau saboda zafin Afrilu. Ya ce karfasa ƙaya gare ta, mutanen Kano tarwaɗa suke so a farfesu. Mun tsaya a kan uku na tarwaɗa, ɗaya na karfasa. Mai haƙa rijiyar burtsatse zai zo duba wurin ranar Asabar, ni kuma an ce in nemo farashin injin niƙa abincin kifi kafin nan.